Daga Daɓe Zuwa Intalok

Duk wanda ya bi manyan titunan da ke fita daga Kano ko Kaduna ko Maraɗi zai ga masu buga bulon shimfiɗa sun baje kayansu a bakin hanya. Akwai ja, akwai ruwan toka, akwai mai kusurwa shida, akwai mai lanƙwasa wanda kowane ɗaya ke shiga cikin ɗan'uwansa. Sun kwaɓa siminti da yashi da kala, sun zuba a mazubin roba, sun jera a rana. Intalok ake ce masa. Ma'aikacin da ya gama gina gidansa, ko ya gaji na mahaifinsa, da zarar 'yan kuɗi sun shigo abin da ke fara zuwa ransa ke nan, ya shimfiɗa shi daga bakin ƙofar gida har ƙofar ɗaki, a huta da ƙura da rani, a huta da caɓi da damina.

Yawancinmu muna sayensa ne don ado. Amma wannan bulo ya dawo mana da wani hali na tsohon gida wanda siminti ya raba mu da shi, wato ƙasan gida da mutanen gidan za su iya gyarawa da hannunsu. In aka bi tarihin tsakar gidan Bahaushe daga daɓe zuwa yau, za a ga cewa duk lokacin da kayan gini suka sauya, wanda ke ɗauke da alhakin gyara shi ma yakan sauya.

Daɓe aikin mata ne

Kafin siminti, ƙasan ɗaki da na tsakar gida daɓe ne. Za a share wuri a daidaita shi, a kawo birji ko tsakuwar marmara a baza, a yayyafa ruwa a bar ta ta jiƙu. Sai matan gida da na maƙwabta su taru, kowace da madaɓinta, wani guntun itace mai faɗin ciki da aka sassaƙa wa mariƙi. Su jeru a durƙushe su yi ta bugu suna matsawa a hankali, har tsakuwar ta lume cikin ƙasa, fuskar wurin ta yi sumul. Daga nan a bi da ruwan makuba, wato ruwan da aka jiƙa ɓawon ɗorawa a ciki bayan an cire garin da kalwa, a sake bugu. Makubar ce ke ba daɓe duhun nan mai sheƙi, ita ce kuma ke hana ruwa saurin cin sa.

Da yake bugun madaɓi yana da kari irin na kiɗa, aikin ya haifi nasa waƙoƙin. Masu nazarin adabin baka suna lissafa waƙoƙin daɓe tare da na niƙa da na daka cikin waƙoƙin aikin mata, kuma a cikinsu ake yi wa kishiya habaici, a yabi miji ko a zolaye shi. Ɗakin amarya ba ya karɓar jere sai an daɓe shi, don haka daɓe ya shiga cikin hidimar biki kamar yadda wankan lalle ya shiga. Ladan aikin abinci ne da goro, da sanin cewa ranar da naki daɓen ya taso, waɗannan matan za su zo.

Abin lura a nan shi ne yadda ake gyara shi. In wani gefe ya lotsa, ko turmi ya fasa inda ake daka, mace ɗaya ta isa. Ta jiƙa wurin, ta ƙara tsakuwa, ta buga da yamma ɗaya, sabo ya haɗe da tsoho ba a ganin tabo. Ba ta nemi kowa ba, ba ta kashe ko anini ba.

Bazara lokacin yaɓe

Haka abin yake a jikin bango. Tubalin Hausa da hannu ake mulmula shi, gindinsa da faɗi, kansa da ɗan tsini, a shanya shi a rana har ya bushe. Ƙasar da ake yin sa da ita sai an kwaɓa ta da ciyawa an tattake, an bar ta ta ruɓa kwanaki. Magini ya jera tubalan a kan gindinsu, ya lulluɓe su da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya ɗora wani sahu. Bangon yana da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. A rufe da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a zuba ƙasa a kai, a kafa indararo don ruwa ya faɗa nesa da gindin bango.

Gini sana'a ce ta gado mai sarautarta, Sarkin Magina, kuma ta fitar da gwanaye. Wanda ya fi shahara shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830, da bakan gizon da har yau masana gine-gine ke zuwa kallo. Sai dai aikin gwani yana ƙarewa ranar da ya sauko daga kan gini. Abin da ya tsayar da gidajen birni shekaru aru-aru aikin mai gida ne na kowace shekara.

Da bazara, in hadari ya fara haɗuwa a gabas, mai gida da samarin gidan sukan hau soro. A share bakin indararo, a toshe tsagar da rana ta yi wa rufi, a sake yaɓe bangon da ke fuskantar gabas, domin daga can iska ke kawo ruwa ya doke shi. A duba gindin katanga inda ruwa ke kwanciya, a ƙara masa ƙasa, a buɗe rariya. Mai hali yakan sa a yi masa shafe da laso, wanda ake haɗawa da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara, shi kuwa yakan yi shekaru kafin ya nemi sabuntawa. Talaka ya tsaya ga makuba da ƙasa, ya sake baɗi. Karin maganar da ke cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a bakin mutanen da suke duba bangonsu duk shekara aka same ta. Ganuwar Kano ma da irin wannan gyaran gayya ta rayu, kuma ta fara zubewa ne bayan 1903, lokacin da aka daina tara jama'a a kanta.

Bai kamata a yi wa wannan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Aiki ne mai cin jiki. Daɓe yana karya bayan mata, manyan gine-ginen sarauta kuwa da ƙarfin bayi da talakawa aka ɗebo ƙasarsu. Shekarar da mai gida ya yi ciwo ko tafiya ta riƙe shi, damina ba ta yi masa uzuri, soro yakan rufta da mutane a ciki. Abin da tsarin yake da shi mai daraja guda ne: ilmin gyara yana cikin gidan, kayan gyara kuma suna bayan gari.

Ado a ƙasa, da tubalin wuta

Shimfiɗa ƙasan gida da ƙananan abubuwa masu tauri a jere, don ado da ƙarko, ba daga Turai wannan yanki ya fara ganinsa ba. A Ile-Ife, kimanin ƙarni na 12 zuwa na 15, an shimfiɗa farfajiyoyi da tsingaron tukwane, ana kafa kowane guntu a tsaye a kan gefensa, sahu ɗaya ya karkata dama, na biye ya karkata hagu, kamar ƙayar kifi, wani lokaci a ratsa su da fararen duwatsu. Labarin gargajiya na Yarabawa yana danganta aikin ga wata sarauniya mai suna Luwo. A Daima, kusa da Tafkin Chadi, tonon da Graham Connah ya yi a tsakiyar shekarun 1960 ya fito da irin wannan shimfiɗa ta tsingaro. Jeren ƙayar kifin nan shi ne wanda Rumawa suka yi da tubali a ƙasan gidajensu, shi ne kuma wanda birkila ke yi mana yau da intalok.

Gasa tubali ma an san shi. A Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarshen ƙarni na 15 ya zama babban birnin Barno har zuwa faɗuwarsa a 1808, an yi ginin fada da jan tubali gasasshe, haka ma a Gambaru kusa da shi, kuma ɓaraguzansu suna nan. Fatake da malaman ƙasar Hausa sun yi ta zirga-zirga zuwa Barno, ba za a ce ba su gan shi ba. Duk da haka Kano da Katsina da Zazzau suka tsaya ga tubalin rana har a fadojinsu. Dalili mafi kusa da hankali shi ne lissafi. Gasa tubali yana cin itace mai yawa a ƙasar da itace ke da tsada, alhali rana kyauta ce, hannun da zai sake yaɓe duk shekara kuma akwai shi a kowane gida.

Zuwan siminti

Simintin da muke amfani da shi wani birkila ne na garin Lids a Ingila, Joseph Aspdin, ya yi rajistarsa a 1824. Bai zama abin da mutumin Kano zai iya saye ba sai da jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya riƙa sauke buhunansa tare da kwanon rufi, ya koma kudu da gyaɗa. Da farko kayan gwamnati ne da na kamfanoni da mazauna Sabon Gari. Sannu a hankali attajiran birni suka fara shafe fuskar gidajensu na ƙasa da shi, magina kuma suka mayar da zanen da suke yi a ɗanyar ƙasa zuwa ɗanyen siminti. Gidajen Zariya da Kano na tsakiyar ƙarni na 20 masu ɗauke da dagi da keke da agogo da jirgin sama a goshin zaure daga wannan haɗuwa suka fito. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka sake gina babban masallacin Kano da kayan zamani, abin da ya nuna wa kowa inda aka dosa.

Daga nan masana'antu suka biyo: Nkalagu a 1957, Ewekoro a 1960, ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka a 1979. Kuɗin mai na shekarun 1970 ya sa ƙishirwar siminti ta wuce hankali. A 1975 odar da hukumomin gwamnati suka bayar ta kai kusan tan miliyan 20, ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a gaban tashar Legas wata da watanni, simintin wasu ya daskare a cikinsu. A cikin waɗannan shekaru ne aka lulluɓe abin da ya rage na masallacin Babban Gwani da sabon gini na kankare. Wanda yake son ganin cikakkiyar siffarsa ta dā sai ya je Jos, gidan adana gine-ginen gargajiya da masanin nan ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranci kafawa, inda aka gina kwatankwacinsa.

Siminti ya karɓu ne da hujja. Ana wanke shi, ba ya tara ƙura, kunama da gara ba sa samun maɓoya, mata sun huta da madaɓi. Babban alkawarinsa kuwa shi ne an gama: a yi sau ɗaya a manta. Wannan alkawarin ne bai cika ba. Shafen siminti a kan bangon ƙasa ba ya miƙewa ya tsuke tare da ƙasar da ke bayansa. In ya tsage ruwa ya shiga, ba ya samun hanyar fita, sai ƙasar ta jiƙe a ɓoye, fuskar bangon tana nan da kyanta, har ranar da shafen zai ɓallo gaba ɗaya ko bangon ya zauna. Daɓen siminti na tsakar gida shi ma yakan dare in ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta motsa ko saiwar darbejiya ta ɗaga shi, kuma facinsa ba ya haɗewa da tsoho. In bututun ruwa ya fashe a ƙarƙashi, sai an sa guduma an farfasa.

Asarar da ta fi wannan ita ce ta ilmi. Gyaran siminti yana buƙatar kuɗi da birkila, saboda haka gyara ya tashi daga aikin shekara-shekara na mutanen gida ya koma abin da ake jira sai ya lalace, sai kuma albashi ya zo. Cikin tsara biyu aka samu masu gida da ba su taɓa hawa rufin gidansu ba. Riƙe cebur ya zama aikin lebura, wanda bai dace da mai digiri ba. Ruwan da daɓe da ƙasar tsakar gida ke shanye wani kaso nasa kuwa, yanzu gaba ɗaya yake fita ta rariya zuwa lungu. Kowa ya ɗaga ƙasan gidansa ya shafe, ruwan ya tafi ya kwanta a gindin katangar maƙwabcin da bai samu halin yin haka ba, wanda sau da yawa shi ne mai ginin ƙasa.

Ba ko'ina aka saki tsohuwar hanya ba. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Nijar, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, jama'ar gari suna kawo tubali da ruwa da itace, suna kuma ci gaba da gyara shi da ƙawata shi, har ya samu lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Jenne ta ƙasar Mali har yau gari guda ke fitowa kowace shekara a sake yaɓe babban masallaci.

Abin da ya zo daga Holan

Intalok daga ƙasar da ke fama da ruwa ya fito. Yawancin ƙasar Holan laka ce da yashi mai lotsawa, don haka tun da daɗewa suke shimfiɗa titunansu da gasasshen tubali a kan yashi, ba tare da abin da zai manne su ba. In titi ya lotsa, a ɗaga tubalan, a ƙara yashi, a mayar da su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tubali ya yi ƙaranci saboda ana sake gina gidajen da yaƙi ya rushe, sai a shekarun 1950 suka fara buga madadinsa da kankare. Jamusawa suka ɗauka, suka fito da siffofi masu shiga juna da injunan buga su da yawa, daga can ya bazu duniya. A wurinmu ya fara bayyana a gidajen mai da harabar manyan gine-gine, kafin mazubin roba mai araha ya kai shi hannun masu buga bulo na unguwa.

A daidai wannan lokaci wani abu yana faruwa a Ingila. Ladan ma'aikata ya yi tsada bayan yaƙi, masu mallakar gida sun ƙaru, sai gyaran gida da hannu ya zama abin yi na ƙarshen mako ga malaman makaranta da ma'aikatan ofis. Barry Bucknell ya yi suna a talabijin na BBC yana koyar da shi, har a 1962 ya ɗauki wani tsohon gida a Landan yana gyara shi mako-mako a gaban masu kallo. A 1969 aka buɗe kantin B&Q na farko don sayar wa irin waɗannan mutane kayan aiki. Wato a shekarun da masu ilminmu suke ajiye cebur don kada a raina su, takwarorinsu na can suna ɗaukarsa suna alfahari.

Ƙarfin intalok ba daga manni yake zuwa ba. Ana daddaɓe ƙasar wurin sosai, a ba ta gangare kaɗan, kamar santimita 2 a kowace mita, ya nufi rariya ya bar gindin bango. A baza yashi mai kaurin santimita 3 zuwa 4 a daidaita. A jera bulon a kai, mai kaurin santimita 6 inda ƙafa kawai ke takawa, mai 8 inda mota ke hawa. A kafa dogarin kankare a gefe don kada su baje, a share busasshen yashi cikin tsagoginsu, a sake daddaɓewa. Yashin tsaga shi ke raba nauyi tsakanin bulo da maƙwabtansa, jeren ƙayar kifi kuma ya fi kowane jere riƙe tayar mota in tana juyawa. Duk wanda ya san daɓe zai gane rabin wannan aiki, domin asirinsa ɗaya ne, a buga ƙasa har ta daina motsi.

Kuskuren da ya yawaita a gidajenmu shi ne a kawo wa intalok tunanin siminti. Wani ya zuba kankare a ƙasa ya ɗora bulon a kai, wani ya cike tsagogin da kwaɓaɓɓen siminti don gudun ciyawa. Da an yi haka ya koma daɓen siminti mai tsada, zai tsage kamar yadda wancan ke tsagewa, ba kuma zai ɗagu ba sai da guduma. Wani kuma ya bari a jera masa a kan ƙasar da ba a daɓe ba, damina ɗaya ta mayar da tsakar gidan tudu da kwari. Tun ran gini ran zane: abin da aka yi wa ƙasa kafin a ɗora bulo na farko shi ne zai nuna bayan shekara biyar.

In an shimfiɗa shi yadda ya kamata, gyaransa bai fi ƙarfin kowa ba. Wurin da ya lotsa, a sa bakin ƙarfe a ciro bulo goma ko ashirin, a ƙara yashi a daidaita da katako, a mayar da su a buga da gudumar roba, a share yashi cikin tsaga. Aikin safiyar Asabar ne ga mutum ɗaya da yaro mai miƙo masa kaya. Ba zai hana ambaliya ba, domin ruwan da yake bari ya ratsa kaɗan ne, shi ya sa ya kyautu a bar wani gefe na tsakar gida da ƙasarsa da bishiyarsa. Abin da yake bayarwa shi ne damar da aka rasa tun da aka ajiye madaɓi.

Saura ɗabi'ar, ita kuwa ba a sayar da ita a bakin titi. Kakanninmu suna da lokacin duba gida a cikin shekara, kuma lokacin bai sauya ba, har yanzu daga gabas hadari ke tasowa. Wanda zai shimfiɗa intalok ya sayi rarar bulo ashirin ko talatin na kala ɗaya ya ajiye a bayan ɗaki tare da buhun yashi, domin kalar da aka buga bana da wuya a same ta daidai baɗi. In bazara ta kama, ya zaga gidan shi da 'ya'yansa, maza da mata, su duba kwanon da ƙusarsa ta ɗaga, da magudanar da leda ta toshe, da famfon da ke ɗiga, da tsagar da ta fito a gindin katanga, su ware abin da za su iya da wanda sai an kira mai sana'a. Yaron da ya taɓa ciro bulo ya mayar da shi da hannunsa, ranar da ya zama mai gida zai san ta inda ake farawa.